Sabon ɗalibi baƙo ne, wa ke yi mashi jagora?

Kowace shekara, da damina ta kankama sakamakon jarrabawar bak ya fito, sai gidaje su kasu biyu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai: inda ake guɗa, da inda ake ba da haƙuri. A gidan guɗa murna takan ɗauki mako guda ko biyu, dangi su zo barka, a yi addu'a, a sa ma yaro albarka. Daga nan sai maganar dosiye ta taso. Cikin 'yan kwanaki ƙalilan ake son saurayi ko budurwa mai shekara 19 ko 20 ya rubuta bisa takarda karatun da zai yi da garin da zai yi shi, wato ya zaɓi abin da zai ci abinci da shi har tsufa. Shekara 13 aka yi ana shirya shi domin ya ci jarrabawa, amma da wuya a samu wanda ya zauna da shi ko da awa guda domin ya shirya shi ga wannan zaɓi.

Wanda ya san yadda ake yanke shawarar a mafi yawan gidaje ba zai yi mamakin abin da ke biyo baya ba. Uba manomi ne ko ɗan kasuwa, bai taɓa shiga lakwal ba, ya dai san ɗansa ya ci, kuma ya ji ana cewa lokotoro ba ya rasa aiki. Uwa kuwa addu'a ce tata. Sai a aika a tambayi wani kawu ma'aikacin gwamnati wanda ya baro jami'a shekara 30 da suka wuce, lokacin da ko tsarin karatun ba wannan ba ne. In babu kawu, yaro ya bi sawun abokinsa na aji domin su samu ɗaki guda. Mai bak D ya nufi fannin likita ko da kuwa da jan ciki kimiyyarsa ta kai shi gaci. Mai bak A4 ya nufi fannin shari'a saboda ya ga alƙali cikin mota. Bayan shekara 2 wasu su komo gida ba takarda ba sana'a, alhali an saida hatsi, an saida bisashe domin su. Asarar kuma ba ta tsaya ga kuɗi ba. Ƙanne sun ga wansu ya yi boko har ya gaji ya dawo fada yana dafa shayi, uban da aka sha wahala kafin ya yarda ya sa ɗiyarsa lakwal shi ma ya samu hujja.

Akwai aikin da aka yi domin toshe wannan kafa: aikin ba ɗalibbai shawara bisa karatunsu da kula da zamansu a jami'a. Sana'a ce da ake koyo, ake ɗaukar mutum dominta, ake biyan shi albashi. Dalilin da ya sa ba a san ta sosai ba a ƙasar Nijar yana cikin tarihin jami'ar kanta.

Lokacin da aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, ɗalibbai kaɗan ne, kuma gwamnati ce ke zaɓa masu. Ma'aikatu su faɗi irin ma'aikatan da suke bukata, a rarraba masu bak bisa wannan lissafi, a ba su bursi, wanda ya gama ya tarar da kujera tana jiran shi. Tsarin yana da nashi zalunci, domin an tura mutane da dama karatun da ransu bai so ba, amma dai ba a bar kowa cikin duhu ba. Da farashin iraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya yi sauƙi, masu ba da bashi na ƙasashen waje suka gindaya sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, sai ɗaukar aiki kai tsaye ta fara ja da baya, konkur ya maye gurbinta. Wannan na daga cikin abubuwan da suka fito da ɗalibbai bisa gadar Kennedy ranar 9 ga watan Fabrairu na 1990, inda 3 daga cikinsu suka rasa rayukansu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, shekarun karatu suka yi ta rikicewa da yajin aiki da bashin bursi. Cikin wannan hayaniya gwamnati ta sauke nauyin zaɓi daga kanta ta aza ma yaro, ba tare da an tsaida wani a bakin ƙofa ya kama mashi ba.

Daga baya hanyoyin ma suka yawaita. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, ya zamanto kowace daga cikin jahohi 8 tana da tata, ban da jami'ar Musulunci ta Sayi da ta buɗe tun 1986, ban da makarantu masu zaman kansu da suka cika manyan birane. Kowace tana da inda ta fi ƙarfi: Tawa ta yi suna da shari'a da tattalin arziki, Maraɗi da aikin gona da kimiyya da likita, Agadas ta fuskanci ma'adinai da makamashi. Alheri ne babba ɗan Gidan Rumji ko ɗan Magarya ya yi karatun jami'a kusa da gida. To amma mai tafiya da ya iske hanya guda ba ya bukatar tambaya. Wanda ya iske mararraba goma shi ke neman na sani.

Sai kuma tsarin LMD, wato lisansi da masta da dokta, wanda ƙasashen Turai suka ɗauko tun 1999, ƙungiyar UEMOA ta umurci ƙasashenta da su bi shi a 2007. A nan ya kamata a ɗan dakata, domin nan ne ƙafar sabon ɗalibi ta fi zamewa. A lise, yaro ya saba da lissafi guda: a haɗa maki duka a raba, in ya kai 10 bisa 20 ya wuce. A jami'a shekara ta kasu zango 2, kowane zango yana da awo 30 da ake kira kiredi, lisansi kuwa sai an tara 180 cikin zango 6, masta ta ƙara 120. Darussa an ɗaure su dami-dami, kowane dami da nauyinsa. Ana iya cike giɓin wani darasi da ribar wani, amma bisa ƙa'idojin da kowane fanni ya shimfiɗa. Ana iya wucewa aji na gaba da bashin wasu darussa, sai dai bashin yana nan yana jira, kuma wanda ya tara shi da yawa wata rana ƙofa za ta rufe mashi. Bugu da ƙari, kowane kiredi ana ƙiyasta shi da aikin awa 20 ko 25, wani kaso mai yawa daga ciki kuma aikin ɗalibi ne shi kaɗai, a ɗakin littattafai ko a ɗakinsa, ba mushe bisa kansa, ba mai kiran suna. Yaron da ya fito aji mai mutum 60 ya faɗa amfi mai ɗaruruwa, malami yana magana da lasifika daga nesa, yakan yi wata 3 kafin ya gane cewa ba wanda zai tambaye shi ko ya fahimta. Waɗanda suka tsara LMD sun san da haka, shi ya sa suka haɗa shi da rakiyar ɗalibi tun daga shiga har fita. Ɗaukar zango da kiredi abu ne da ake yi da sa hannu bisa takarda. Rakiya kuwa sai da mutane da biro da kuɗi, shi ya sa ita ce takan zo daga baya.

Ba wai babu masu taimakon ɗalibi ba ne. Suna nan, amma kowa da guntun da ya riƙe. Ma'aikacin ofishin rajista ya san takardu, sai dai layi ya yi mashi yawa, amsarsa ta taga ce, minti 2. Cibiyoyin kula da zaman ɗalibbai, waɗanda aka sani da CNOU da CROU, an ɗauko samfurinsu daga na Faransa da aka kafa a 1955, su ke da ɗakunan kwana da gidan abinci da motocin jigila da ɗakin shan magani. Hukumar ANAB ke da maganar bursi da tallafi. Malamai suna ba da shawara in an same su, to amma malamin da ke da ɗaruruwan takardun gyara, ga bincike, ga koyarwa a wata jami'ar, ba a ce ya san damuwar kowane yaro ba. Saboda haka ɗalibin da ya faɗi jarrabawa domin ya yi wata guda yana kwana a masallaci, ofishin rajista faɗuwar kawai ya gani, masu ɗakuna kuma rashin gado kawai suka gani. Babu wanda aikinsa ne ya haɗa biyun.

Gurbin da aka bari, ɗalibbai suka cike shi da kansu. Shekara da shekaru, wanda ke tarbar baƙo a tasha, ya sama mashi tabarma, ya nuna mashi inda ake sayen tike na abinci, ya ara mashi tsofaffin darussa, yayansa ne na gari guda ko ƙungiyar 'yan jaharsu. Ƙungiyar USN da reshenta na jami'ar Yamai sun daɗe da kwamitin da ake kira CASO mai kula da layin abinci da na mota da zaman lafiyar ɗakuna. Wannan zumunci abin yabo ne, ya rufa asirin ɗiyan talakkawa da ba su ƙirguwa. Sai dai yaya abin da ya sani yake faɗi, fanninsa ya sani, kuskurensa ma yakan gadar da shi ga ƙane. Kuma in iko ya taru a hannun wanda ba a horar ba, ba a biya ba, ba mai bin sawunsa, rikici ba ya nisa. A farkon 2018 saɓani tsakanin wannan kwamiti da malaman jami'ar Yamai ya kai ga yajin aikin malamai na makwanni da korar wasu ɗalibbai. Shekara guda kafin nan, ranar 10 ga Afrilu na 2017, ɗalibi guda ya rasa ransa cikin zanga-zangar neman gyaran zaman ɗalibbai da biyan bursi. Maganar gado da abinci da mota, wadda wasu manya ke ɗauka ƙaramar magana, ita ce ta fi yawan rufe jami'a.

Bahaushe bai rasa sanin wannan aiki ba tun kafin boko. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, ban da madugu uban tafiya, yana da jagaba mai shiga gaba, wanda ya san rijiyoyi da mashigin kogi da garin da ake biyan fito da wanda ake ratsewa. In an sauka zango kuma akwai mai masauki, shi ke ba baƙo ɗaki, ya adana mashi kaya, ya yi mashi tafinta, ya tsaya mashi in ciniki ya rikice. Ba kowa ake ba waɗannan matsayi ba, kuma ba don Allah kaɗai suke yi ba, suna da la'adarsu. Aikin jami'a ma haka ya rabu. Mai ba da shawarar karatu shi ne jagaba. Masu kula da ɗakuna da abinci da lafiya da jin ƙai su ne masu masauki. Falke ba ya shiga dajin da bai sani ba shi kaɗai da dukiyar mutane, amma ana tura yaro jami'a haka nan da dukiyar gidansu.

A ƙasashen da aikin ya zauna da gindinsa, ba jiya ya fara ba. A 1908 wani Ba'amurke mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishi a birnin Boston domin samarin da ke neman sana'a, akasarinsu ɗiyan baƙi da na ma'aikata. Hanyar da ya shimfiɗa har yau ba ta tsufa ba: saurayi ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai da abin da kowane ke bukata, sa'an nan a zauna a auna wannan da wancan da hankali. Faransa ta kafa makarantar horar da masu wannan aiki a Paris a 1928, ta tsara ofisoshinsu cikin jami'o'i da doka a 1986, a 2007 kuma ta rubuta shiryar da ɗalibi da taimaka mashi ya samu aiki cikin wajiban jami'a, daidai da koyarwa da bincike. Ɗiyan Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato sun ga wani samfurin: babban malami guda da aka ɗora ma harkokin ɗalibbai, da ofishinsa da ma'aikatansa, domin tun 1977 manufar ilimi ta Najeriya ta ambaci aikin ba da shawara da sunansa.

To, mene ne mai wannan sana'a yake yi in ya buɗe biro da safe? Abu na farko saurare ne, kuma shi ya fi wuya. Ɗalibi ba ya zuwa da ainihin damuwarsa a baki. Zai ce yana son ya canza fanni. Sai an yi haƙuri da shi kafin ta bayyana cewa Faransancin malami ne ba ya kamawa, ko kuwa kullum da yamma kabu-kabu yake yi domin ya aika ma tsohuwarsa. Daga nan sai karatun takardar maki. Ƙwararre in ya duba makin yaro tun daga lise, yana iya ganin inda ƙarfinsa yake, kamar yadda manomi ke duban ƙasa ya san ta gero ce ko ta dawa. Sai sanin dokoki: ranar da ake rufe rajista, sau nawa aka yarda a maimaita aji, wane sharaɗi ke tsinke bursi, wace gada ke tsakanin wannan fanni da wancan yadda mai canzawa ba zai zubar da kiredin da ya tara ba. Ɗalibbai da dama ba jarrabawa ce ta kada su ba, wata takarda ce da ba su ajiye cikin lokaci ba.

Sa'an nan akwai faɗin gaskiya mai ɗaci. Wani lokaci dole a gaya ma yaro cewa hanyar likita ta fi ƙarfinsa, amma ga aikin awo a ɗakin bincike, ga aikin gona, ga cibiyoyin IUT masu koyar da sana'a cikin ɗan lokaci. Faɗin haka ba tare da an karya mashi zuciya ba fasaha ce da ake koyo. Kuma mai shawara ba ya yanke hukunci. Yakan shimfiɗa hanyoyi da abin da ke ƙarshen kowace, ya bar mai tafiya ya ɗauka, domin in shi ya zaɓa, to an koma gidan jiya ke nan, har ma ya fi muni, tunda wannan karon babu kujerar da ke jira.

Sha'anin 'yan mata ya isa a ware mashi mutum guda, kuma mace. Budurwar da ta kai jami'a daga ƙauye ta riga ta tsallake shingaye da yawa, amma a nan sababbi ke jiran ta: ina za ta sauka wanda uwaye za su amince, me za ta yi in aka ɗaura mata aure a tsakiyar shekara, yaya za ta yi da jarrabawa in haihuwa ta zo, wa za ta kai ma kuka in wani mai iko bisa makinta ya nemi abin da bai kamata ba. Irin wannan magana ba a yin ta ta taga, mutum 40 na tsaye a baya. Tana son ɗaki mai ƙofa da mutumin da bakinsa ke da marfi. Riƙon sirri shi ne jarin wannan sana'a baki ɗaya. Ranar da aka ji maganar ɗaliba guda a waje, daga ranar ba mai sake shigowa. Haka nan makaho da gurgu da kurma, waɗanda matakalar bene ko takardar jarrabawa kaɗai ta isa ta kore su. Haka nan yaron da ya daina barci, ko ya fara haɗiyar taramol domin ya yi karatun dare. A nan mai shawara ya san iyakarsa: shi ba lokotoro ba ne, aikinsa ya gane alama da wuri ya miƙa ga mai magani, ya kuma bi sawu.

Harshe ma yana cikin kayan aiki. Sau da yawa mai yanke shawara ba ɗalibin ba ne, tsohon da ke Dakwaro ko Matamai ne, wanda zai saida sa. Mai shawarar da ba ya iya bayyana mashi kiredi da zango da bambancin fanni da fanni cikin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, rabin aikinsa ya yi. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya rubuta littafi bisa ilimi a Afirka tun 1964 inda ya tsaya kan koyarwa da harsunan gida da haɗa makaranta da bukatun jama'a. A watan Maris na 2025 an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko mene ne ra'ayin mutum dangance da wannan, takardar bayani mai shafi 4 da uba zai sa a karanta mashi a zaure ba ta jiran gardamar masana.

Saurayi ko budurwar da ke jin wannan aiki ya kwanta mashi, ta ina zai shiga? Ƙofofin da suka fi kusa su ne ilimin halayyar ɗan Adam da ilimin zaman jama'a, waɗanda ake koyarwa a fannin adabi na jami'ar Yamai, da ilimin tarbiyya, da horon ma'aikatan jin ƙai. Mai son ɓangaren gudanarwa, wato riƙon ɗakunan kwana ko gidan abinci ko kasafin kuɗi, hanyarsa ta tattalin arziki ce ko makarantar horar da ma'aikatan gwamnati. Lisansi tana buɗe ƙofa, masta ce ke zaunar da mutum. Ya iya kwamfuta sosai, tunda rajista da neman bursi suna ta komawa bisa intanet. Sarwis sibik dama ce da bai kamata a yi wasa da ita ba: wanda ya nemi a tura shi ofishin rajista ko cibiyar kula da ɗalibbai, zai koyi abin da ba a koyarwa a amfi. Wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar 'yan garinsu, ya tarbi baƙi, ya sasanta faɗan ɗaki, ya riga ya fara horo bai sani ba. Ban da jami'o'in gwamnati, akwai aiki a makarantu masu zaman kansu, da lise-lise, da ƙungiyoyin da ke tallafa ma karatun 'yan mata, da ofisoshin da ke haɗa masu digiri da masu ɗaukar aiki, irin su ANPE.

Sai dai a shiga da ido buɗe. Ba sana'ar tara dukiya ba ce, kuma amfaninta ba ya ganuwa da sauri. Maginin da ya tada bene kowa ya gani. Wanda ya hana yaro 50 barin jami'a ba shi da abin nunawa, tunda ba a ƙirga asarar da ba ta auku ba. Yana kuma tsakanin wuta biyu: ɗalibbai na yi mashi kallon ɗan magabata, magabata na yi mashi kallon mai ɗaure ma ɗalibbai gindi. In rabon ɗakuna ya biyo ta hannunsa, wayarsa ba za ta huta ba da masu neman alfarma, daga ɗan uwa har mai muƙami, alhali gadon da aka ba ɗan mai hali an ɗauke shi ne daga marayan da ba shi da kowa a birni. Wanda ba ya iya cewa a'a cikin ladabi, gara ya nemi wata sana'ar.

Jarrabawa mafi tsanani tana wajen makarantun kuɗi. A can, wanda aka ajiye a bakin ƙofa da sunan mai ba da shawara wani lokaci dillali ne, gwargwadon kawunan da ya shigar gwargwadon ladansa. Akwai makarantu na ƙwarai a cikinsu, akwai kuma masu allo babba da takarda maras nauyi. Tambayoyin da uba zai yi kafin ya zuba kuɗinsa ba su da yawa: shin gwamnati ta ba wannan fanni izini, shin jarrabawar ƙarshe ta ƙasa ce ko ta gida, shin hukumar CAMES ta amince da digirin? Wannan hukuma, da shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafawa a nan Yamai a 1968, cibiyarta tana Wagadugu, ita ke tantance daidaiton digiri tsakanin ƙasashen da ke cikinta. Mai shawara na gaskiya shi ke fara kawo waɗannan tambayoyi tun ba a yi mashi su ba, ko da amsar za ta sa baƙo ya juya. Wanda ya ɓoye su ya ci amanar sana'a.

Daga ɓangaren magabatan jami'o'i, abin da ake bukata bai kai kuɗin ginin amfi guda ba. Matsayin ya zama rubutacce cikin tsarin ma'aikata, da albashinsa da matakan ƙarin girma, domin aikin da aka jingina ma wani a matsayin ƙari shi ake fara ajiyewa in rana ta yi zafi. A ɗauki ɗalibban masta su riƙa zama da 'yan shekarar farko ƙungiya-ƙungiya, a ba su ɗan abin sabulu, ƙwararre yana bisa kansu. Ta haka zumuncin da ke akwai zai samu linzami. Kuma kowace jami'a ta riƙa bin sawun waɗanda ta yaye: bayan shekara 2, nawa suka samu aiki, a ina, nawa ke zaune. In babu wannan ƙidaya, mai shawara ma hasashe yake yi kamar kawun can, illa dai shi yana da tebur.

Akwai kuma maganar lokaci. Ƙofar fannin likita ko ta injiniya ba ranar dosiye take rufewa ba. Tun ranar da aka ci brebe aka raba yara tsakanin ajin adabi da ajin kimiyya aka rufe ta ga masu yawa, shekara 3 kafin bak, suna da shekara 15 ko 16, galibi ba tare da an gaya masu ko uwayensu abin da rabon ke nufi ba. Yarinyar da ke kwalejin ƙauye a ƙasar Mayahi ko Tanut, wadda ta gudu daga lissafi saboda an yi shekara ba malamin lissafi, ta zaɓi makomarta ba ta sani ba. Saboda haka mai shawarar jami'a ba mazaunin biro ba ne kaɗai. Rabin shekararsa ta rangadi ce, daga lise zuwa kwaleji, ya zauna da 'yan aji da ƙungiyar uwayen yara, ya tafi da ɗalibi ɗan garin wanda zai yi magana da bakin da suka sani. Inda mota ba ta kai ba, gidajen rediyon karkara suna kaiwa, kuma tsakanin fitowar sakamako da rufe dosiye akwai makwannin da manoma ke komowa daga gona da maraice su kunna rediyo a ƙofar gida.